Kiɗan Kaboyi a Gidan Mista Clement

Kwanana tara da sauka a Manchester na gane cewa aikin da ya kawo ni babu shi.

Sunana Lawal, ma'aikacin jinya ne ni. Shekara goma sha ɗaya na yi a asibiti a Gusau kafin wani dillali ya haɗa ni da wani kamfani da aka ce yana neman masu kula da tsofaffi a Ingila. Takardu suka fito, biza ta fito. Da na iso aka ajiye ni a wani gida a unguwar Moss Side, mu shida a ɗaki biyu, aka ce mu jira kira. Kullum sai mu yi wanka mu sa kaya mu zauna muna kallon waya. Ran nan na gaji, na bi adireshin ofishin da ƙafa. Na tarar da ƙofa a kulle, ta gilashi ina hango wasiƙu sun taru a ƙasa. Wani mai aski a shagon da ke gefe ya leƙo, ya dube ni daga sama har ƙasa, ya ce, "Ɗan'uwa, ba kai ne na farko ba."

Ba a jima ba takarda ta zo daga hukuma: an soke lasisin kamfanin. Ko in sami wani da zai ɗauke ni cikin wata biyu, ko in koma inda na fito.

Lokacin sanyi ne. Ƙarfe huɗu na yamma gari ya yi duhu. In matata Rabi ta kira ta ce yaya aiki, sai in ce da godiya, in yi sauri in tambayi yara.

Wata Juma'a bayan an idar da salla, ina sa takalmi ina amsa waya da Hausa, wani dattijo mai furfura a gemu ya tsaya har na gama. Ya ce sunansa Dakta Aminu, mutumin Zariya, shekara ashirin da wani abu yana aikin likita a nan. Tambaya uku ya yi mini, a ta huɗun na kasa riƙe hawaye. Ranar ya kwashe ni da jakata zuwa gidansa, ya ba ni wani ɗan ɗaki da suke ajiye akwatuna. Matarsa Hajiya Bilki ta tuƙa tuwon shinkafa da miyar kuka. Na ci har na ji kunya.

Gidan Dakta ba ya rabuwa da baƙi ran Lahadi: likitoci, injiniyoyi, akantoci, ana Hausa ana surka ta da Turanci. Wani daga cikinsu ya tambaye ni, "Malam Lawal, ɗan gidan wa ne a Gusau?"

Na ce, "Mahaifina ɗan kasuwa ne a ƙauye."

Ƙarya na yi. Mahaifina Malam Iro makaɗin gurmi ne. Shi yake yi wa 'yan kokawa kiɗa, da manoma a wurin gayya. A makaranta "ɗan maroƙi" ake ce mini, kuma na sha dambe a kai. Da na fara ɗaukar albashi na je na durƙusa na roƙe shi ya bar kiɗa, ni zan riƙe gidan. Ya tashi ya rataye gurmin a bango, a gabana.

Saura kwana goma sha biyu wa'adina ya cika Dakta ya samo mini aiki ta hannun wata da suka taɓa aiki tare. Kamfani ne ƙarami a Birmingham, mai tura ma'aikata gidajen tsofaffi. Za su ɗauke ni, amma da gwajin wata uku. In wanda nake kula da shi ya ce bai gamsu ba, shi ke nan.

Dakta da kansa ya kai ni a mota. Mun hau babbar hanya, ruwa na ta tsiyaya, sai ya kunna kiɗa. Wani mutum ne mai kaurin murya yake waƙa a hankali, kamar mai ba da labari a bakin murhu, a bayansa akwai gita da wani abu mai jan kuka kamar goge. Abin da ya ba ni mamaki, tun da na zo ƙasar nan kunnena ke wahala da Turancin mutanen gari, amma wannan kowace kalma na ji ta tas.

Na ce, "Ranka ya daɗe, wannan wane irin kiɗa ne?"

Ya yi dariya. "Ba ka san kantiri ba? Mu da muna yara kiɗan kaboyi muke ce masa. Gidan rediyo a Kaduna yana sa shi, direbobin tirela kuma kowa da kaset ɗinsa. Kiɗan talakawan Turawan Amurka ne, manoma da masu kiwo."

"To me ya haɗa direban tirela na Kaduna da manomin Amurka?"

Can ya ce, "Wallahi ban taɓa tambayar kaina ba. Daɗinsa kawai nake ji."

A unguwar Aston na sami ɗaki, aikina kuma a Handsworth, duk cikin Birmingham, bas ɗaya nake hawa. Wanda aka ba ni sunansa Mista Clement, shekararsa tamanin da huɗu, mutumin Jamaika ne da ya zo Ingila tun yana saurayi, ya yi ta tuƙa bas har ya yi ritaya. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye. 'Yarsa Sandra ce ta buɗe mini ƙofa ranar farko, ta ja ni gefe ta ce, "Kai ne na huɗu. Kada ka taɓa masa garmaho."

Na ce to, amma ban ɗauki maganar da nauyi ba.

Makon farko bai ce mini komai ba sai "a'a" da "fita". In na kawo koko ya ce ya yi zafi, in na fifita ya ce ya huce. Wanka kuwa sai mun yi kusan awa guda muna ja. A falonsa akwai garmaho babba irin na da, da faya-fayai jere a kanta, sun fi littattafan gidan yawa. Da hannunsa na hagu yake zaɓa, ya ɗora allura da kansa, ba ya yarda a taya shi. Kuma duk kiɗan nan ne na motar Dakta. Abin ya tsaya mini a rai. A jikin kwalayen faya-fayan Turawa ne zalla, da manyan huluna. Me baƙin mutum ɗan Jamaika yake nema a wurinsu?

Ran Lahadi ta farko, azahar ta yi, na shimfiɗa dardumata a lungun falo. Ya lumshe ido a kujera, na ɗauka barci yake. Na lallaɓa na ɗage allurar don in yi salla cikin natsuwa. Ban kai ga kabbara ba na ji kofin shayi ya tarwatse a bango kusa da kaina.

"Fita daga gidana!"

Da yamma manajarmu ta kira ni. Ta ce Sandra ta roƙi mahaifinta ya ƙara mini mako guda, amma in aka sake samun ƙorafi ba ta da wani gidan da za ta tura ni. Na zauna a tashar bas, bas uku suka wuce ban hau ba. Ina ta tunanin yadda zan shiga Gusau da jakar da na fita da ita.

Washegari na ba shi haƙuri, bai ko kalle ni ba. Na yi aikina shiru. Amma akwai abin da ke cina tun jiya, kuma ba dabara ce ta sa na faɗa ba, bakina ne ya suɓuce. Waƙar da na katse labarin wani mutum ce da ya bar gonar ubansa ya tafi birni aikin masana'anta, ya shekara bakwai bai aika ko wasiƙa ba, ran nan ya hau jirgin ƙasa zai koma. Yana cikin jirgin na ɗage allura.

Na ce, "Mista Clement, mutumin jiya, ya isa gida kuwa?"

Ya juyo a hankali. "Wane mutum?"

"Na cikin jirgi. Ya tarar da uban da rai?"

Ya daɗe yana kallona. Sannan ya nuna mini kujera da haɓarsa. "Zauna. Ba a tambayar ƙarshen waƙa, ji ake yi."

Ya ɗora faifan daga farko. Mutumin ya isa, amma ya tarar an sayar da gonar, uban kuma yana maƙabartar coci. Da aka gama na ga na dunƙule hular aikina a hannu.

Daga ranar na zama mai tambaya. Ina goge masa baya ina tambaya, ina yanke masa farce ina tambaya. Wanka ya daina zama faɗa, don a nan muke yin darasi. Ya ce tun yana yaro a kan tsaunukan Jamaika rediyonsu ke kamo tashoshin kudancin ƙasar Amurka. Ran Lahadi bayan coci, kowane gida wannan kiɗan ne, haka ma a mashaya.

"Ba ku damu da cewa Turawa ne ba?"

"A rediyo wa yake ganin fata? Mutumin ƙauye ne yake ba mutumin ƙauye labari. Alfadarinsa ya mutu, mu ma namu ya mutu. Matarsa ta gudu, mu ma haka. Ran Asabar ya bugu, ran Lahadi ya je yana roƙon Allah gafara. To ka nuna mini wanda bai san wannan ba a garinmu."

Ya koya mini yadda ake gane na ƙwarai. Dole waƙar ta zama labari mai kai da gindi, da mutum a ciki, da sunan gari. Kalmomin su zama na kasuwa, waɗanda kakarka za ta gane. Kiɗan kada ya yi yawa har ya danne magana. Kuma mawaƙin ya yi kamar abin a kansa ya faru, ko da bai taɓa shiga kurkuku ba. Na lura kusan kowace waƙa akwai wanda ya bar gida a cikinta, ko yana son komawa, ko ya koma ya tarar ba gidan ba ne. Na faɗa masa haka. Ya ce, "Shekara sittin ina cewa baɗi zan koma. Ka ga dalilin faya-fayan nan."

Ranar Alhamis da la'asar abokinsa yake zuwa, Mista Declan, wani siririn tsoho ɗan Ireland mai jan hanci. Shi ne kwandastansa a bas tun suna samari. A makonnin farko hannu rabbana yake zuwa, su sha shayi su yi musun ƙwallo. Ran nan sai ya shigo da wata baƙar jaka mai dogon wuya. Ina kicin ina wanke kwanuka na ji sauti, ba daga garmaho ba. Wani ƙwas-ƙwas mai kaifi, mai saurin mutuwa, da wata ƙaramar murya tana maimaita kanta a sama ba ta canjawa. Na bar famfo a buɗe na fito da kumfa a hannu.

Abin da ke kan cinyarsa da'ira ce kamar faranti, an ɗaure mata fata tamau kamar ganga, da dogon wuya, da tsirkiya biyar. Ɗaya gajera ce, a rabin wuya ta tsaya. A kan fatar akwai ɗan katako da ya tokare tsirkiyoyin, wanda mu muke kira jaki. Ba jikinta ne ya fi ɗaure mini kai ba, hannunsa ne. Ya lanƙwashe yatsu, yana dukan tsirkiya da bayan farce zuwa ƙasa, babban yatsa yana tsinkar gajerar. Na girma ina kallon hannu yana yin haka.

"Mene ne sunan wannan?"

"Banjo," in ji Mista Declan. "Ba ka taɓa gani ba? Ai daga wajenku ta fito."

Na ɗauka zolaya ce. Ya ce in zauna. Ya ce kiɗan kantiri a tsaunuka da gonakin kudancin ƙasar Amurka ya tashi, kuma gado biyu ne suka haɗu. Mutanensu, talakawan Ireland da Scotland da Ingila, sun tafi can da gogensu da dogayen waƙoƙinsu na kisan kai da soyayya da baƙin ciki. Bayin da aka kwaso daga yammacin Afirka kuwa ba su zo da komai a hannu ba, amma sun zo da sani a ka. Suka sami duma suka raba, suka rufe da fata, suka soka sanda, suka ɗaura tsirkiya. A wurin rawa goge da banjo suka saba da juna, waƙoƙin coci suka shigo, daga baya gita ta biyo.

"To yaya aka yi ta koma hannun masu manyan huluna?"

Mista Clement ne ya amsa, muryarsa ta yi kauri. "Turawa suka riƙa shafa baƙi a fuska suna hawa dandali da ita, suna kwaikwayonmu ana dariya. Wa zai so ya ci gaba da riƙe abin da ake yi masa ba'a da shi? Sannan masu sayar da faifai suka zo suka raba kanta biyu: wannan na farare, wannan na baƙaƙe. Mutanen da suka koyi kiɗa a baranda ɗaya."

Na tambaya ko an san daga wane gari a Afirka banjon ta fito. Mista Declan ya ce ba wanda zai rantse. Daga bakin tekun Senegal har zuwa ƙasashenmu ƙabilu da yawa suna da irinta, kowa da sunan da yake kiranta. A ranar hutuna na je laburare na nemi littafi. Na ga wani tsohon zane, bayi suna rawa a bayan bukkoki, wani yana zaune da duma mai wuya a cinyarsa. Na daɗe a kan shafin nan har ma'aikaciyar ta zo ta tambaye ni ko lafiya.

Alhamis ta gaba Mista Declan yana ta fama da banjon, sauti ya ƙi zama. Yana murɗa maɓallai yana tsaki. Ni kuwa tun daga bakin ƙofa na ga matsalar. Na ce ya ba ni. Jakin ne ya goce. Na sassauta tsirkiya, na tura shi da babban yatsa kaɗan, na ƙwanƙwasa fatar ina saurare, na mayar masa. Ya kaɗa sau ɗaya, ya ɗago kai.

Mista Clement ya ce, "A asibiti aka koya maka wannan?"

Na ce a'a. Sannan na faɗa musu komai: gurmi, da kokawa, da sunan da ake kirana a makaranta, da ranar da na sa aka rataye gurmin.

Mista Declan ya sunkuyar da kai. Mista Clement kuwa bai rage mini ba. "Wato ubanka ma ka ɗage masa allura."

Kafin in buɗe baki ya jefo mini tambaya.

"Yana da waya?"

"Ƙanwata tana da ita."

"Kira shi. Ina so in ga abin nan da idona."

A ƙauye an yi la'asar. Ƙanwata ta kai masa wayar yana zaune a kan tabarma a ƙofar ɗaki. Baba ba ya kiran sunana saboda ni ne ɗan fari, Likita yake ce mini.

"Likita, lafiya dai?"

"Lafiya lau, Baba. Wasu dattawa ne nan suke son gaishe ka. Akwai kuma abin da nake so ka gani."

Na juya wayar. Mista Declan ya kaɗa. Baba ya matso da fuskarsa har hancinsa ya cika gilashin.

"Ce masa ya juya ta in ga bayanta." Aka juya. "Ina ƙwaryar?"

"Yanzu da katako da ƙarfe suke yi, Baba. Amma da can da duma ake yi."

"Ikon Allah. Wannan ai gurmi ne ya ci ya ƙoshi. Wa ya koya masa riƙe hannu haka?"

Na ba shi labarin kamar yadda aka ba ni. Ya saurara bai katse ni ba. Da na gama sai na kawo roƙon.

"Baba, suna roƙon ko za ka ɗan taɓa musu gurminka."

Ya dube ni ta cikin wayar. "Su ne suke roƙo?"

"Ni ne, Baba."

Ya tashi ya shiga ɗaki. Na ɗauka zai daɗe yana gyara, shekara goma abu na rataye. Sai ga shi ya fito nan take, ya zauna, ya kaɗa, sautin nan garau, fata a ɗame, tsirkiya sabuwa. Ƙanwata tana dariya a bayan waya. Ashe in na koma Gusau sauke shi yake yi.

Ya yi taken wani ɗan kokawa da ya rasu tun ina yaro. Mista Declan ya kasa kunne, ya lalubo, ya shiga bi a hankali. Waya tana jinkiri, saboda haka kullum yana bayan Baba da taki ɗaya, abin bai haɗu sosai ba. Ba wanda ya damu. Mista Clement yana buga hannun kujera da hagunsa, yana cewa in fassara masa. Na ce waƙar wani ƙaƙƙarfa ce da ya kayar da kowa a ƙasarsu, ya tafi neman kokawa wata ƙasa, bai dawo ba.

Ya ce, "Ka gani? Kantiri ce."

Da wata uku suka cika manaja ta zo gidan da takardarta, Sandra ma tana nan. Aka ce in jira a kicin. Na tsaya ina goge kofin da na riga na goge. Can Sandra ta shigo tana murmushi.

"Ya ce kokonka har yanzu ba daɗi, kuma ka cika tambaya. Amma ya ce kada a taɓa ka, bai gama ba ka amsa ba."

A daren sallar da ta biyo baya na faɗa wa Rabi duk abin da na ɓoye mata tun daga Moss Side. Ta yi kuka, ta yi faɗa, sannan ta ce in turo mata waƙar mutumin jirgi.

Mista Declan ya ba ni tsirkiyoyin ƙarfe sababbi in aika wa Baba. Wani ɗalibi mai komawa gida ya tafi da su. Bayan mako uku na kira in ji labari.

"Sun iso, ka yi masa godiya. Amma yankan yatsa suke yi, na ɗaure ƙofar akurki da su. Suna da ƙwari kam."

Na yi dariya har da hawaye. Shi bai yi ba. Ya gyara zama.

"Likita, akwai abin da nake ta tunani. Mutanen nan da aka kama aka kai can, suka nemi duma suka haɗa abin nan. Makaɗa ne irina. Ka tambayi abokin naka, an san sunan ko mutum ɗaya daga cikinsu?"

Ran Alhamis na tambaya. Mista Declan ya dubi Mista Clement, Mista Clement ya dubi tagar. Suka ce su dai ba su taɓa ji ba.

Na kira Baba na faɗa masa.

"To," ya ce. "Sai a riƙa sa su a addu'a a dunƙule. Wanda ya halicce su ya san sunayen."